Filtar oba-oba da mai shagon da ya ƙi sayar mini sai da ya auna

Ni nake kula da siton hatsin yayana a nan Garwa, da gonarsa ta rani a gefen Pitowa, da manyan motoci biyu da ke ɗauko mana masara da gyaɗa daga Ngong da ƙauyukan hanyar Lagdo. Shekara huɗu ke nan muna haɗa waɗannan wurare da oba-oba, wadda wasu a nan suke ce wa talki-walki, wasu kuma Motorola ko da ba kamfanin ne ya ƙera ta ba. Kowa yana da salula a aljihu, amma mai gadin da ke tsaye cikin duhu ba shi da lokacin neman lamba, ba ya kuma son ya tsaya tunanin ko kuɗin kira ya ƙare. Maɓalli ɗaya zai danna, mutum shida su ji shi lokaci guda. Mun nemi izini wurin ART, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru, aka ba mu lambarmu a zangon VHF tsakanin megahaz 150 da 160, muna kuma biyan kuɗinta.

Abin da ya kai ni shagon da zan yi magana a kansa ya faru ne wani dare cikin Janairun 2024. Wajen ƙarfe biyu shanu suka ɓalle suka faɗa wa albasar gona. Baba mai gadi, dattijo da ya haura sittin, ya yi ta kiran sito fiye da minti ashirin. Rediyon sito a kunne yake, yaron da ke kwana wurin idonsa biyu, amma ba abin da ya ji sai shuuu da wani ɗan kiɗa can ƙasa-ƙasa. Da gari ya waye na tarar an tattake kusan rabin kadada. Asarar ta yi zafi, sai dai maganar Baba ce ta fi tsaya mini a rai. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ɓarayi ne fa?" Har yau ban manta yadda ya faɗe ta ba.

Rediyon da ke sito ƙaramin rediyon mota ne mai wat 25, irin masu arahar nan da ke kama VHF da UHF, zangon da ke sama da shi, har da tashoshin FM. Shekara biyun farko bai taɓa ba mu matsala ba. Daga baya wani gidan rediyon FM ya kafa hasumiyarsa kamar mita 500 daga gare mu, muryar gona ta fara shaƙewa. Muka ce eriya ce ta yi ƙasa, muka ɗaga sandarta daga mita 6 zuwa 12. Maimakon sauƙi sai abin ya ƙara lalacewa. Wani mai kayan lantarki a kasuwa ya sayar mini da wata 'yar filta kamar babban yatsa a kan sefa 9,000, ya ce tana toshe FM. Gaskiyarsa, ta toshe, domin ina ɗaura ta na ji muryar gona ta fito. Ina danna maɓallin magana kuma ta ƙone, har da wari. Ashe irin wadda aka yi don na'urar sauraro ce kawai, ba ta ɗaukar wutar aikawa. Wanda ya sayar bai faɗa ba, a jikinta ma ba a rubuta ba. Duk mai shirin sayen filta ya fara da wannan tambaya: wat nawa take ɗauka?

Direbanmu ne ya kwatanta mini shagon Malam, cikin layin masu gyaran talabijin. Mai shagon ya roƙe ni kada in sa sunansa, ya ce aikin da ke gabansa ma ya fi ƙarfinsa, don haka Malam kawai zan ce. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum uku ba sa zama ciki a sake, tsofaffin rediyoyi jibge har rufi. Bayan gaisuwa, da Hausa da ɗan Fulatanci kamar yadda aka saba a garin nan, na ce masa filta na zo saye, mai ƙarfi. Ya ajiye abin soldarsa ya ce, "Ɗan'uwa, filtar me? Ka ga ciwon ne, ko ji ka yi?" Na ba shi labari. Ya ce yana da zato, amma ba ya sayar da magani ga majinyacin da bai gani ba. Kuɗin zuwa dubawa sefa 10,000, ko an sayi kaya ko ba a saya ba. Raina ya ɗan sosu a lokacin, domin na zo da kuɗi a hannu ina son in koma da abu. Yanzu in aka tambaye ni, wannan dubu goman ita ce ta fi kowane kuɗin da na kashe amfani.

Ya zo da safiyar Asabar da yaronsa, da wata tsohuwar jaka. A ciki akwai kwamfutar hannu da wata 'yar na'ura da ake soka mata kamar filas, wadda ke zana duk abin da ke yawo a iska a kan allo. Akwai mitar auna SWR, wato yawan wutar aikawa da ke komowa cikin rediyo maimakon ta fita ta eriya. Akwai wani ɗan akwati mai suna NanoVNA da yake auna filta da eriya. Sai wasu 'yan guntayen ƙarfe masu rage ƙarfin sigina. Abu na farko da ya yi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Ya sa aka kashe wutar sito gaba ɗaya daga babban makunni, ya ɗora rediyon a kan batir. Ƙarar ba ta ragu ba. Ya ce to, ɓarawon ba na cikin gida ba ne. Sannan ya haɗa eriyarmu da kwamfutarsa ya juyo mini allon. Daga megahaz 87.5 zuwa 108, inda tashoshin FM suke, wasu dogayen layuka ne tsaye kamar giginya, ɗaya ya kere sauran nesa ba kusa ba. Da aka kira gona, muryar Baba ta bayyana can gefe kamar tsiron gero. Gani ya kori ji.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na gaba. Ya ɗauko guntun ƙarfen nan mai rage sigina da desibel 10, wato ya mayar da ita kashi ɗaya cikin goma, ya sa tsakanin eriya da rediyo. A hankalina, in ka rage wa mai rauni ƙarfi ai ɓacewa zai yi. Sai ga muryar gona ta fito fes, kiɗan nan ya ɗauke. Malam ya ce wannan ita ce shaidar da yake nema. Kunnen rediyon ne ya cika. Kamar mutum ne a tsaye kusa da injin niƙa ana masa raɗa daga nesa: ba raɗar ce ta yi kaɗan ba, injin ne ya toshe masa kunne. Ɗaga eriyar da muka yi matsar da kunnen muka yi kusa da injin.

Kiɗan kuma ya yi mini lissafinsa a bayan takardar awon buhu. In sigina masu ƙarfi suka taru a bakin rediyo suka fi ƙarfinsa, sai su cakuɗe su haifi wata sigina da babu ita a iska. Ya ba da misali da lambobi masu sauƙi: tasha ɗaya a 98, wata a 94, tazararsu 4, wani mai oba-oba yana magana a 152, ka haɗa 152 da 98 ka cire 94, ka sami 156. In lambarka 156 ce, za ka ji maganar baƙo da kiɗa a kanta, alhali ba wanda ya hau lambarka. Cikin rediyonka aka haife ta. Irin wannan shegiyar sigina, in ka rage abin da ke shigowa da desibel 10, ita da 30 take faɗuwa, shi ya sa ɗan guntun ƙarfe ya kashe ta nan take. Ya kuma ja kunnena kada in je in yi wa gidan rediyon rigima, domin a kan allonsa suna zaune daram cikin lambarsu. Laifin na ƙofarmu ne da take a wangale.

A nan ya bayyana mini bambancin rediyo mai tsada da mai araha, abin da na daɗe ina ɗauka suna ne kawai ake saye. Mai tsada ƙofofi ne da shi a jere, kamar zaure bayan zaure. Akwai filta a bakin eriya, sannan ya sauko da siginar zuwa wata tsayayyiyar lamba ya tace ta da filtar kiristal, ya sake saukowa zuwa kilohaz 455 ko 450 ya tace da ta seramik. Dabarar ta haura shekara 100. Ya ce ana jingina ta ga Ba'amurke Edwin Armstrong a 1918, amma shi a makarantar fasaha an koya musu cewa Bafaranshe Lucien Lévy ya riga shi yin rajistar irinta a 1917. Mai araha kuwa kusan duk aikin an ɗora wa aisi guda ɗaya, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki mai tattare da da'irori da yawa, ƙofar gabansa kuma an bar ta da faɗi don ya kama daga 136 zuwa 174, da UHF, da FM. Da 'yar gajeriyar eriyarsa a cikin daji lafiya lau yake aiki. Ka haɗa shi da doguwar eriya a tsakiyar gari, ka jawo masa abin da ba zai iya haɗiyewa ba. Malam bai ɓoye mini ba cewa tsohon Kenwood ko Icom ko Motorola mai zango ɗaya zai jure wurin fiye da namu, amma ya ce da hasumiya a mita 500 ko shi zai so a sa masa filta.

Filtar da ya zaɓa mana irin mai barin zango ɗaya ya wuce ce, ta tare na sama da na ƙasa, kamar rariyar da ke riƙe tsakuwa ta kuma zubar da dusa. Akwatin alminiyom ne, girmansa bai fi sandar sabulun wanki ba, yana da nauyi a hannu. A ciki ɗakuna uku ne, kowanne da naɗaɗɗiyar wayar tagulla mai kauri, a sama kuma sukurori uku na saiti. Tana ɗaukar wat 50, ninki biyun abin da rediyonmu ke fitarwa. Kuɗinta sefa 65,000. Ba ya ajiye irinta a shago, sai da aka aiko daga Duwala, ta biyo jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan mota ta ƙaraso da ita. Ya ce mako biyu, ta yi mako biyar. A tsakanin nan ya bar mana guntun ƙarfen nan aro, da sharaɗin sauraro kawai, in za a yi magana a ɗauki oba-obar hannu.

Ranar da ta iso bai ɗaura ta haka nan ba. A gabana ya haɗa ta da NanoVNA, wani tudu ya fito a allo, ya yi ta murza sukurorin a hankali har ƙololuwar tudun ta zauna a kan lambarmu. Ya nuna mini lambobi biyu ya ce in rubuta. A zangon FM tana rage sigina da fiye da desibel 50, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari ne ke tsallakewa. A lambarmu kuma tana cin desibel 1.2. Wannan na biyun shi ne harajinta, kuma na ji daɗi da bai rufe mini shi ba: cikin wat 25 da rediyo ke fitarwa, kusan 19 ne ke wucewa, 6 su zama zafi a jikin akwatin. Haka ma wajen sauraro tana ɗan rage muryar da kake nema. Babu filtar da ba ta cin komai, in ji shi, wanda ya ce maka tasa ba ta ci bai auna ba ne.

Harajin kuwa ya maido mana da shi ta wata hanya. Kebul ɗin da ke hawa sandar eriya siririn RG-58 ne, mita 20, har da wani guntun kebul na talabijin mai om 75 da aka yi ƙari da shi, alhali kayan oba-oba om 50 suke so. A zangonmu mita 20 na RG-58 yana cinye kusan desibel 4, fiye da rabin ƙarfin ke nan ya tafi a hanya. Ya canja shi da RG-213 mai kauri, wanda asararsa a wannan tsawon ba ta kai desibel 2 ba. Abin da kebul ya dawo da shi ya fi abin da filta ta ci. Ya naɗe mahaɗar da ke waje da roba mai liƙewa saboda damina, ya kuma kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaure sandar da shi, yana nanata cewa filta ba maganin tsawa ba ce, in hadari ya haɗu a cire kebul.

Daga ranar zuwa yau muryar gona tana shigowa sito kamar mutum yana bayan ƙofa. Motocinmu muna jin su har sun yi nisa a hanyar Ngong kafin tudu ya raba mu, wurin da a da ko gadar Binuwai suka haye sai mu rasa su. Kiɗan bai sake dawowa ba. Akwai wata fa'ida da ban sani ba sai da ya faɗa: filtar tana tace abin da muke aikawa ma. Kowane rediyo yana fitar da 'yan rakiya a ninki biyu da ninki uku na lambarsa, kuma ninki ukun 155 shi ne 465, tsakiyar zangon UHF da wasu ke aiki a kai. Ƙasa da mu kaɗan kuma, daga 118 zuwa 137, zangon jiragen sama ne, ga filin jirgi a garin. Malam ya ce ba ya son rediyon da ya bi ta hannunsa ya zama sanadin damun wani.

Abin da ta hana mu ma sai a faɗa. Rediyon sito ya zama na zango ɗaya. UHF ya tafi, FM ya tafi. Yaron sito da ya saba jin wasan ƙungiyar ƙwallon Coton Sport a kansa sai da na saya masa ɗan rediyonsa daban, na kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya canja lamba ya danna magana, domin filta za ta mayar da wutar cikin rediyon ta iya ƙona shi. Sannan zafi. Mun fara ɗaure ta a bango dab da kwano, ga zafin Maris da Afrilu na Garwa da ke haura digiri 40. Bayan wata bakwai na lura mitar SWR ta ɗan hau. Da Malam ya auna, tudun ya gusa, ɗaya daga sukurorin ya saki. Ya sake saiti, ya ɗiga musu jan farce don su tsaya, ya sauko da ita ƙasa inda iska ke bi. Bai karɓi ko dala ba. Amma da tun farko ya ɗaure sukurorin, da ba a yi wannan zuwan ba, kuma na faɗa masa haka.

Gona ciwonta daban ne, kuma a nan ne na gane dalilin da ya sa ya ƙi sayar mini da kaya a ranar farko. Da na sayi irin filtar sito guda biyu, ta biyun asara ce. Can ba hasumiya, amma akwai wani zzzz da ke tashi da hantsi ya lafa da magariba, sai wani ya karɓe shi da dare. Gwajin kashe wuta ya tona asirin cikin minti biyar. Na rana daga na'urar cajin sola yake, mai kunna wuta da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, dogayen wayoyin da suka sauko daga faifan sola kuma suka zame mata eriya. Na dare daga ƙwayayen LED masu araha guda shida. Irin wannan ƙara shimfiɗe take a ko'ina, har a kan lambarka, don haka filtar bakin eriya ba ta da abin da za ta yi mata. Sai dai a bi ta inda take fitowa a shaƙe ta.

Ƙwayayen canja su kawai aka yi, bayan Malam ya gwada kala uku da oba-oba a kusa da su ya zaɓi wadda ba ta ƙara. Wayoyin sola ya murɗa jan da baƙin tare kamar igiya, ya rage tsawonsu, ya maƙala musu baƙaƙen zobban ferayit masu buɗewa kamar kwaɗo, dab da jikin na'urar. Ya ce zobban kala-kala ne ko da yake ido ba ya bambanta su, masu lamba 31 da 43 su ne na aikinmu. Masu launin rawaya da fari da ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta kuwa garin ƙarfe ne, wani aikin aka yi su don shi. Na tambaye shi me zai hana a naɗa wayar sau goma a zobe ɗaya a huta. Ya ce a gajeren zango naɗi da yawa yana ƙara ƙarfi sosai, amma a VHF in ya yi yawa sai ƙarar ta tsallake ta gefe, gara naɗi ɗaya ko biyu a jera zobba uku. Gaskiyar magana, zzzz ɗin rana bai mutu gaba ɗaya ba. Ya ragu ƙwarai, sauran kuma sai da aka matsar da eriya mita 15 daga ɗakin batir. Malam ya ce na'urar cajin ce ba ta da kyau daga ƙira, ranar da ta mutu a kira shi kafin a sayi wata.

Motocin ba su ɗauki lokaci ba. Wani siririn fito ne da ke hawa in direba ya taka mai, ya sauka in ya saki. Malam ya cire eriya, fiton bai tafi ba, ya ce to ta wayar wuta yake shigowa, daga altaneta. Ya ja sabuwar waya kai tsaye daga batir da fiyus a kusa da shi, ya sa 'yar filtar wuta mai koyil da kondensa. A mota ɗaya wannan ya wadatar. A ɗayar, na'urar da ke sauko da wuta daga bolt 24 zuwa 13.8 ita kanta ƙara take yi, dole aka canja ta. Babur ɗin gona kuma fulogi mai harafin R a lambarsa aka sa masa, tas-tas ɗin da yake yi a rediyo in ya wuce ya ƙare.

Da na tattara lissafi don in kai wa Yaya: dubawa 10,000, filta 65,000, kebul 50,000, kawunan kebul 10,000, zobba goma sha biyu 18,000, ƙwayaye 6,000, filtocin mota biyu 16,000, na'urar sauko da wuta 25,000, ladan aiki 30,000. Jimla sefa 230,000. Yaya ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Albasar da shanu suka ci nawa ce?" Ya sa hannu.

Shagon yana da nasa aibin, kuma wanda zai je gara ya sani. Malam ba ya ɗaga waya in yana aiki, sai ka taka da ƙafarka. Alƙawarin lokacinsa ba abin dogaro ba ne. In ya ce jibi, ka sa ran mako. Ba ya rubuta rasit sai ka matsa, farashi kuma a ka yake, ko da yake ban taɓa kama shi ya faɗi biyu ba. Sakamakon awon ma da ban rubuta da hannuna ba, da ba ni da shi. Mutumin da ke da irin wannan ilimi ya kamata ya riƙa ba abokin ciniki takarda ɗaya mai ɗauke da abin da ya auna kafin aiki da bayansa, domin ranar da ba ya nan wani ya san inda zai ɗora. Yaronsa yana da ladabi da hannu mai kyau wajen solda, amma har yanzu Malam bai sakar masa na'urorin awo ba, kuma ina ganin lokaci ya yi. Wanda zai kira shi ya tanadi takardar izininsa, domin yakan tambaya, ya kuma rubuta lokutan da ƙarar ke zuwa da irin sautinta. Wannan kaɗai yana rage rabin aikin.

Saura matsala ɗaya da har yanzu muke fama da ita. Kowace Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, wasu mutane suna hawa lambarmu daidai, da alama oba-oba suka saya aka zuba musu lambobi ba tare da izini ba. Wani ya ba ni shawara in sa kod, wato CTCSS, ya ce shi ke nan na rabu da su. Malam ya sa mana, amma ya zaunar da ni ya ce kada in ɗauke shi filta. Wani ɗan sauti ne can ƙasa, tsakanin haz 67 da 254, da rediyonka ke aikawa tare da muryarka, na abokinka kuma ba ya buɗe baki sai ya ji shi. Ba ya korar baƙo daga lambar, kunnenka kawai yake toshewa kada ka ji shi. In baƙon yana magana kusa da gona lokacin da sito ke kira, siginar da ta fi ƙarfi ita ke danne ɗayar, Baba ba zai ji mu ba, kuma ba zai san an kira ba. Ta wani ɓangaren ma ya fi haɗari, domin shirun sai ya sa ka zaci hanya a buɗe take. Saboda haka ya koya wa masu gadi su danna maɓallin sauraro kafin su yi magana ranar Lahadi.

Na tambaye shi babbar filtar nan mai kama da tukunyar gas, wadda ake sa wa rifita, na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta don ta yi nisa. Ya ce tsawonta ya ɗan haura rabin mita, domin igiyar megahaz 150 mita 2 ce, ita kuma rubu'inta take bi. Tana iya raba ka da maƙwabcin da ke kusa da lambarka ƙwarai, abin da tamu ba za ta iya ba. Amma wanda ya zauna a kan lambarka daidai, ko ita ba ta san shi da kai ba. Ya ce kada in kashe kuɗina. Maganin wannan takarda ce zuwa hukumar ART, tunda ita ta ba mu lambar, kuma kada in rubuta da ka. In sami littafi, Lahadi huɗu a jere, in rubuta ƙarfe nawa suka fara, ƙarfe nawa suka daina, da wane harshe suke magana, a gona aka fi jin su ko a sito. Na cika Lahadi uku. Suna farawa wajen bakwai na safe, da Fulatanci da Faransanci, maganar lodin buhuna ce yawanci, kuma a gona suka fi ƙarfi. Saura ta jibi.